Barbakowa, Biriya ko Cili kon Karne: Wanne Ya Fi Dacewa da Sulo Kuka?

Duk wanda ya tashi neman girkin naman sa mai yaji irin na Meksiko, wanda za a zuba a sulo kuka, tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, da safe a tarar ya nuna da la'asar, sunaye uku zai yi ta cin karo da su: barbakowa, biriya da cili kon karne. A jikin fakiti da gwangwani ana rubuta su barbacoa, birria da chili con carne. A hoto kusan kamarsu ɗaya, jan nama ne da ya yi luguf cikin miya mai maiƙo. A tukunya kuwa kowanne da halinsa. Ɗaya kamar don sulo kuka aka yi shi. Ɗaya yana yin kyau ƙwarai, amma sai an yi masa hidima tun kafin a kunna ta. Na ukun shi aka fi dafawa a cikinta, shi kuma ta fi ɓatawa.

Sai an san halin tukunyar sannan dalilin zai fito. Sulo kuka tangaran ce mai kauri da aka zaunar cikin gidan ƙarfe mai ɗumama ta da lantarki, yawanci wat 200 zuwa 300. Wani Ba'amurke, Irving Naxon, ya yi mata rajistar ƙirƙira a 1940, kamfanin Rival kuma ya fito da ita kasuwa da sunan Crock-Pot a 1971. A yawancin na zamani, ko an murɗa ta kan Low ko kan High, zafin yana tsayawa ne sama da digiri 90, dab da tafasa. High dai ta fi saurin kaiwa can. Abu biyu ne ba ta iya ba. Ba ta soya komai, don haka naman da ya shiga ɗanye a koɗe zai fito, babu wannan ƙamshin na tsokar da ta kama kasko ta yi ja. Ba ta kuma tsotse ruwa. Murfinta na tara tururi ya mayar da shi ciki, nama da albasa na sakin nasu, sai miyar da aka zuba da kauri ta fito tsululu. Gwanintarta guda ce, narkar da jijiya. Jijiyoyin da ke cikin nama, idan suka daɗe cikin zafi da laima, suna narkewa su zama wannan danƙon da ke sa farfesun ƙafar sa ya daskare idan ya huce. Girkin da ya dogara da wannan danƙo zai ji daɗin sulo kuka. Wanda ya dogara da suya da ƙonewar ruwa zai sha wuya.

Zancen mahauci

Duka ukun nama iri ɗaya suke so. Ba nan ake neman tsoka zalla ba. Cinya da gadon baya marasa kitse, in suka yi awa takwas a tukunya, zare-zare suke zama busassu, kamar ana tauna igiya, ko da kuwa suna iyo cikin romo. A nemi kafaɗa da wuya, ƙirji, haƙarƙari mai tsoka, ƙauri, jelar sa, da kumatu in an samu.

Girke-girken da ke yawo an rubuta mafi yawansu ne da naman shanun Amurka da aka ciyar da hatsi, wanda kitse ya ratsa tsokarsa. Shanun da ake yankawa a kasuwanninmu sun sha tafiya kuma sun fi shekaru. Namansu ya fi ɗanɗano, amma ya fi tauri da ƙarancin kitse. Saboda haka a ƙara awa ɗaya zuwa biyu kan lokacin da aka rubuta, a kuma sa mahauci ya haɗa da tozo kamar giram 200 cikin awon. Duk ma'aunin da ke ƙasa na nama kilo ɗaya da rabi ne, a tukunya mai cin lita 5 zuwa 6. Bayan dahuwa zai koma ƙasa da kilo ɗaya, ya ishi mutum 6 zuwa 8. Gishirinsa babban cokali ɗaya shafe, giram 15 zuwa 18. In za a sa dunƙulen magi a rage.

Barkonon, inda aka fi yin kuskure

Da an ji cewa abincin Meksiko mai yaji ne, hannu sai ya tafi kan attarugu. A nan girkin ke lalacewa. Meksiko tana daga cikin wuraren da aka fara noman barkono a duniya, kuma can suna amfani da busasshensa ne yadda muke amfani da tattasai da tumatir: shi ne jikin miyar, ba abin ƙara zafi kawai ba. Mafi yawan waɗanda ake sa wa cikin waɗannan girke-girke zafinsu kaɗan ne. Guajillo, wanda ake furtawa gwahiyo, dogo ne mai santsi da jan launi da ɗan tsami, yana tsakanin 2,500 da 5,000 a ma'aunin zafin barkono na Scoville. Ancho faffaɗa ne, baƙi-baƙi, mai yamutsattsar fata da zaƙi irin na zabibi, bai wuce 2,000 ba. Chipotle barkonon jalapeño ne da aka busar da hayaƙi, ana yawan sayar da shi cikin ƙaramin gwangwani da jar miya mai suna adobo, yana kai wa 8,000. Mai zafin cikinsu shi ne siririn chile de árbol, 15,000 zuwa 30,000. Attarugu kuwa danginsa na farawa ne daga 100,000 har 350,000. Ke nan guda ɗaya na iya danne gwahiyo goma, ya kuma shigo da ƙamshinsa da zai mayar da girkin farfesu.

Wanda ya samu na asalin a babban kanti ko ta hannun matafiyi ya huta. Wanda bai samu ba, busasshen tattasai ne mafi kusa da gwahiyo wajen launi da kauri, sai a ƙara masa ƙaramin cokalin khal don tsamin da ya rasa. A madadin ancho a haɗa busasshen tattasai da babban cokalin zabibi ko dabino ɗaya, da rabin ƙaramin cokalin garin koko marar sukari. Busasshen shambo yana tsayawa a gurbin árbol. Chipotle ne mai wuyar kwaikwayo, saboda hayaƙinsa: babban cokalin garin paprika mai hayaƙi, wato garin jan tattasai da aka busar da hayaƙi, babban cokalin tumatirin gwangwani, ƙaramin cokalin khal, da kwatan ƙaramin cokalin barkonon Kamaru. Kwata aka ce, don barkonon Kamaru ba ya wasa. Wannan haɗin ba zai rufe idon Bameksike ba, amma yana kai girkin kusa da gida.

Yadda ake sarrafa busasshen barkono ɗaya ne ko na can ne ko na nan. A cire hancin, a tsaga da almakashi, a zazzage 'ya'yan, a duba ciki ko akwai fumfuna. Wanda aka shanya a ƙasa a goge shi da tsumma mai ɗan laima saboda yashi. A ɗora busasshen kasko kan matsakaiciyar wuta, a shimfiɗa barkonon a danna da cokali, daƙiƙa 20 zuwa 30 kowane gefe. Zai ɗan kumbura, ya yi laushi, ƙamshi ya tashi. Nan ake sauke shi. Wanda ya yi baƙi a yar da shi kada a ji asara, domin guda ɗaya da ya ƙone yana ɗaɗa tukunya duka, kuma awa takwas na dahuwa ƙara fito da ɗacin suke yi. Sai a jiƙa cikin ruwan zafi minti 20. Kafin a niƙa da ruwan jiƙon a ɗanɗana shi. In yana da ɗaci a zubar, a niƙa da romo.

Barbakowa

Asalinta dahuwar rami ce. Ana haƙa rami, a hura wuta har duwatsun ciki su yi zafi, a naɗe naman da ganyen maguey, wani tsiro mai kaurin ganye da ya yi kama da babban tsiron alobera, a ajiye tukunya a ƙasa tana tarar romon da ke ɗiga, a rufe ramin da ƙasa ya kwana. A jihar Idalgo da ke tsakiyar Meksiko naman tunkiya ake yi da shi. A arewacin ƙasar da kudancin jihar Teksas ta Amurka kan sa ake sawa, kumatu ne abin so, kuma abincin safiyar Lahadi ne. Rufaffen wuri, zafi marar ƙarfi, tururi, dogon lokaci: wannan shi ne aikin sulo kuka ba ragi ba ƙari. Shi ya sa cikin ukun barbakowa ce ba ta rasa komai sai ƙamshin ganye da hayaƙi, chipotle kuma na cike gurbin hayaƙin.

A yanka naman manya-manya, gida 6 zuwa 8, kowanne kamar giram 200. A shafe shi da gishirin, a soya cikin babban cokali biyu na mai a kasko mai zafi sosai, minti 3 zuwa 4 kowane gefe, kashi-kashi. In aka cika kaskon naman zai saki ruwa ya dahu maimakon ya soyu. A bilenda a niƙa chipotle 3 ko 4 da babban cokali biyu na miyar gwangwanin, tafarnuwa ƙwaya 6, albasa ɗaya, babban cokalin kumin, ƙaramin cokali biyu na busasshen ganyen ƙamshin nan oregano, kanumfari 4, ƙaramin cokalin masoro, khal mililita 60, da romo mililita 150 zuwa 200. Kumin ɗin nan shi ne wanda Larabawa ke kira kammun, mai launin ƙasa-ƙasa. Ba habbatus sauda ba ce, kada mai kayan ƙamshi ya musanya. A ɗauraye kaskon suyar da ɗan romon a juye ciki, don ɗanɗano yana manne a gindinsa. Mai ganyen ayaba ya gitta shi kan wuta har ya yi laushi ya shimfiɗa a tukunyar, ya rufe naman da shi. A jefa ganyen bey 3, a rufe, awa 8 zuwa 9 a Low, ko 5 zuwa 6 a High.

Ruwan zai yi kamar ya yi kaɗan, bai ma kai rabin naman ba. Haka ake so. Nan da awa uku zai ninka kansa. Wanda ya ji tsoro ya ƙara kofi biyu, dafaffen nama zai samu cikin ruwa salam. Kuskure na biyu shi ne yanke hukunci da wuri. A awa ta biyar naman yakan yi tauri kamar roba, sai a ɗauka ya wuce dahuwa, alhali bai kai ba: tsokar ta ƙanƙance, jijiyar ba ta narke ba tukuna. A mayar da murfi. Alamar nuna ita ce a soka cokali mai yatsu a murɗa, naman ya rabe da kansa.

In ya nuna a tsame shi a yayyage, a kwashe kitsen da ya taso, a juye romon a tukunyar ƙarfe a tafasa shi a buɗe minti 10 zuwa 15 har ya rage rabi, a mayar kan naman. Sai yanzu ake matse lemun tsami biyu ko uku. Wanda aka sa tun farko ƙamshinsa mutuwa yake yi cikin dogon zafi. Mai son ƙarin daɗi ya baza naman a kasko mai zafi minti biyu ba tare da juyawa ba, gefensa ya yi ƙararau.

Biriya

Daga jihar Halisko ta Meksiko ta fito, can yankin Gwadalahara, kuma da naman akuya aka san ta. Ta naman sa a Tihuwana, kan iyakar Amurka, ta yi ƙarfi, daga nan ta tsallaka Los Angeles, hotunan tortiya, siririyar gurasar Meksiko, ja da cuku ana tsoma ta cikin romo suka cika intanet. Bambancinta da barbakowa shi ne romon. A biriya romon, wanda suke kira consomé, rabin abincin ne, ana kawo shi a kofi ko kwano a sha.

Saboda haka ƙashi dole ne. A yi kilo ɗaya na kafaɗa, rabin kilo na ƙauri mai ɓargo ko jelar sa ko haƙarƙari. Barkono: gwahiyo 6, ancho 3, árbol 2 zuwa 4 gwargwadon juriyar mutanen gida, in da busasshen tattasai ne, giram 70 zuwa 80 da shambo biyu ko uku. A gasa tumatir 3 manya, albasa ɗaya da aka raba biyu da tafarnuwa ƙwaya 8 a busasshen kasko har fatarsu ta yi ɗigo-ɗigon baƙi. A niƙa su da jiƙaƙƙen barkonon, ƙaramin cokalin kumin, ƙaramin cokali biyu na oregano, kanumfari 5, masoro ƙwaya 10, rabin ƙaramin cokalin garin citta, khal babban cokali uku, da romo kofi ɗaya. A tace da rariya, ana dannawa da bayan ludayi. Wannan tacewar ba ta tsallakuwa. Fatar gwahiyo da ta tattasai ba ta narkewa komai daɗewar dahuwa, ƙanana-ƙanana take zama kamar yankakkiyar leda, tana manne wa haƙori da maƙogwaro.

Akwai mataki guda da masu gaggawa ke bari, kuma shi ne ke raba biriya mai daɗi da ta jeka-na-yi-ka. A soya tataccen niƙan cikin babban cokali biyu na mai, minti 6 zuwa 8, ana juyawa, har launinsa ya koma ja mai duhu, mai ya fara fitowa gefe. Suyar kayan miya ce dai da kowace uwargida ta sani. Tunda sulo kuka ba za ta yi ta ba, in ba a yi a kasko ba romon zai riƙa gafin ɗanyen tattasai har a gama ci. In da hali a cuɗe naman da wannan niƙa ya kwana a firji.

Kirfa tana buƙatar kula. Ta Meksiko irin ta Silon ce, mai laushi da sanyin ƙamshi, ana niƙa ta tare da sauran. Wadda ta fi yawa a kasuwa mai kauri ce da tauri, ƙamshinta ya fi ƙarfi, tana kuma iya karya wuƙar bilenda. A jefa guntu kamar rabin ɗan yatsa yadda yake, a tsame shi bayan awa huɗu. A ƙara ganyen bey 3 da romo mililita 750, iyakar dai ya kusa rufe naman. Kada tukunyar ta wuce kashi biyu cikin uku. In ta cika, tana daɗewa kafin ta yi zafi, daga baya kuma ta yi ambaliya ta gefen murfi. Awa 8 zuwa 10 a Low. A nan High ba ta da kyau sosai, don ƙauri da jela suna son lokaci kafin su saki danƙonsu.

Jan man da zai taso sama kada a zubar. A kwashe shi a kwano. Cikinsa ake tsoma tortiya a ɗora a kasko, a zuba nama da cuku mai narkewa, a ninke a soya har ta yi ƙararau. Cukun Oaxaca suke sawa. Mozarela na yin aikin. Romon kuma a ɗanɗana shi da kyau, don kusan kullum yana neman ƙarin gishiri, a zuba masa yankakkiyar ɗanyar albasa, ganyen koriyanda da lemun tsami. In ya yi tsululu a tafasa shi a buɗe minti 15.

Cili kon karne

Gaskiyar magana wannan ba na Meksiko ba ne kai tsaye, na Teksas ne. A birnin San Antonio ya yi suna tun ƙarshen ƙarni na 19, a hannun mata 'yan asalin Meksiko masu sayar da shi a dandalin gari da dare, kuma a 1977 jihar Teksas ta ayyana shi a matsayin abincinta na hukuma. 'Yan Teksas na gaske ba sa sa masa wake, wasu ko tumatir ba sa yarda da shi. Wanda duniya ta sani dai shi ne na niƙaƙƙen nama da wake da tumatir, kuma shi ne sulo kuka ke wulaƙantawa.

Dalilin a fili yake. Niƙaƙƙen nama an riga an yanke jijiyarsa, ba ya buƙatar awa takwas. Bayan awa biyar ko shida ya saki duk ruwansa, ya koma tsaki-tsaki a baki. Tumatir na ƙara ruwa, tukunyar ba ta ƙone shi, ga kitse yana iyo a sama. A kan risho ko gas, cikin tukunya buɗaɗɗiya, awa ɗaya da rabi ya isa a samu wanda ya fi shi nesa ba kusa ba. In dai sai a sulo kuka, a bar niƙaƙƙen nama, a yanka kafaɗa ƙanana kamar santimita 2, a soya ta sosai kashi uku. A soya albasa biyu da tafarnuwa ƙwaya 6 a man da ya rage, a zuba babban cokali biyu na tumatirin gwangwani mai kauri da babban cokalin kumin su soyu minti biyu. A haɗa da niƙan ancho 4 da gwahiyo 3, yankakken tumatir giram 400, ƙaramin cokali biyu na oregano, da romo mililita 250 kacal. Awa 7 zuwa 8 a Low. Saura minti 30 a dama babban cokali biyu na masa harina, wato garin masarar da ake yin tortiya da shi, ko garin masara mai laushi, da ɗan ruwa a zuba, a murɗa High, a ɗan karkace murfin.

Tarko biyu ke cikin wannan girki. Na farko abin da suke kira chili powder. A Amurka gauraye ne na barkono marar zafi da kumin da oregano da tafarnuwa, shi ya sa ake ganin an rubuta babban cokali huɗu ko biyar. Wanda ya auna cokali huɗu na garin barkonon gida a madadinsa ya yi asarar namansa, ba mai iya ci. Ba kuma yajin tsire ba ne, wannan da ƙuli-ƙuli a cikinsa. In za a haɗa a gida: babban cokali uku na garin tattasai ko paprika, ɗaya na kumin, ƙaramin cokalin garin tafarnuwa, ƙaramin cokalin oregano, da rabin ƙaramin cokalin garin barkono.

Tarko na biyu ya fi haɗari, don ya shafi lafiya. Jan waken nan mai siffar ƙoda yana da wani sinadari mai guba da tafasa mai ƙarfi kaɗai ke kashewa, zafin sulo kuka kuma ba lallai ya kai ba. Ƙwaya huɗu ko biyar da ba su dahu ba sun isa su jawo amai da gudawa cikin awa ɗaya zuwa uku. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce a jiƙa shi aƙalla awa 5, a zubar da ruwan, a tafasa shi da sabon ruwa minti 30 kafin ya shiga kowace tukunya. Na gwangwani dafaffe ne, sai a tsane shi a ɗauraye, a zuba gwangwani biyu saura minti 40 a sauke. Farin wake ko jan waken gida shi ma a dafa shi daban tukuna, don tsamin tumatir yana hana ɗanyen wake nuna, sai ya kwana a wuta yana nan da ƙarfinsa.

To, wanne za a ɗora?

Wanda zai fita aiki ya dawo, ko wanda yau ne farkon gwajinsa, barbakowa ce tasa. Hidimarta kafin a rufe tukunya ba ta wuce minti 25 ba, gwangwanin chipotle ɗaya ya ishe ta, kuma in an makara da awa ɗaya ba ta lalacewa. Ta fi kuma shiga ko'ina: cikin tortiya, kan farar shinkafa, cikin burodi, ko a soya ta da ƙwai washegari. Rauninta shi ne ba ta da miya mai yawa. Gidan da ake son a ga shinkafa ta jiƙe sharkaf za a ce an yi rowa.

Biriya ta ranar baƙi ce ko ƙarshen mako. Tana cin kusan awa ɗaya a tsaye, da gashi da jiƙo da niƙa da tata da suya, ga wanke-wanke. Amma cikin ukun ita ta fi zurfin ɗanɗano, ita ta fi auki saboda romon, ita kuma ta fi karɓar busasshen tattasai ba tare da ta canza kama sosai ba. Wanda bai da hanyar samun chipotle ko paprika mai hayaƙi, gara ya yi biriya da kayan kasuwa da ya yi barbakowa marar hayaƙi. In ma naman akuya ko rago ne a gida, an koma asalinta ke nan, sai a rage awa ɗaya.

Cili kuwa na mai son ciyar da mutane da yawa da nama kaɗan ne, don wake na ninka shi. Sai dai a ra'ayinmu tukunyar gas ta fi cancanta da shi, a bar wa sulo kuka aikin riƙe shi da ɗumi kan Warm lokacin da ake zubawa.

Abin ci da su ma yana shiga lissafi. Tortiyar masara ana yin ta ne da masarar da aka dafa cikin ruwa mai farar ƙasa ta abinci kafin a niƙa, shi ke sa ƙullin ya haɗu. Garin tuwo ba ya yin ta, farfashewa yake yi. In babu masa harina, a yi ta fulawa irin ta arewacin Meksiko, ko a sayi siririn burodin shawarma. Mai sayen tortiya ko waken gwangwani da aka daka daga waje ya karanta jikin fakitin, domin a girkin Meksiko man alade, wanda suke rubutawa manteca ko lard, abu ne na yau da kullum. Haka girke-girke da dama na cili da barbakowa suna cewa a zuba giya. Romo daidai wannan awon da ƙaramin cokalin khal yana maye gurbinta.

Sauran zancen na wuta ne. Sulo kuka tana son lantarki awa takwas ba yankewa, wajen yunit biyu ke nan, wanda ƙaramar inbata ko sola mai batir mai kyau za ta iya ɗauka. In aka ɗauke wuta ana gida, a juye girkin nan take cikin tukunyar ƙarfe a ƙarasa a gas ko gawayi. Tangaran ɗin ba a ɗora shi kan harshen wuta, tsagewa yake yi. In kuwa an dawo an tarar an ɗauke, ba a san tun yaushe ba, naman bai gama dahuwa ba kuma ya huce, shawarar Ma'aikatar Noma ta Amurka ita ce a zubar, ko da ya yi kyau a ido, don tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Da wannan dalilin ne ba a sa daskararren nama kai tsaye daga firiza. Unguwar da wutarta ba tabbas, tukunyar firesha, mai dahuwa da matsin tururi, na gama barbakowa ko biriya cikin minti 60 zuwa 75, tukunya mai kauri a kan wuta ƙasa-ƙasa kuma awa 3 zuwa 4, sai dai a ƙara ruwa kofi ɗaya a riƙa dubawa. Wanda ya sayi tukunyar gwanjo daga Amurka ya duba gindinta: in an rubuta 120V, sai da taransifoma mai rage ƙarfin wuta, in ba haka ba a jonawar farko za ta ƙone.

Murfin kuma a bar shi ya huta. Kowace buɗewa tana ƙara kusan minti 20 kan lokacin dahuwa, kuma babu abin da ke kamawa a gindi balle a ce sai an juya. Abin da ya rage bayan an ci, a juye shi cikin robobi marasa zurfi tare da romonsa, ya shiga firji kafin awa biyu. Yana kwana 3 zuwa 4, a firiza kuma wata uku. In za a ɗumama, a kasko ko tukunya a kan wuta har ya tafasa, ba cikin sulo kuka ba.